Kaset ɗin Nomau Maƙeri

Ku rage ƙarar wayoyin nan tukuna. Tun da aka sauko daga sallar la'asar nake kan keken ɗinkina ina jin ku, kuna ta musu a kan kiɗa, har na karkata wuyan rigar mutane. Mansir ya ce in ba kalangu ba duk hayaniya ce. Sabi'u ya ce kalangu na tsofaffi ne, shi waƙar fim yake ji. Shi kuma wancan da ya juya bakin hularsa baya ya ce ku duka ƙauyawa ne. Kowa ya riƙe suna ɗaya yana dukan ɗan'uwansa da shi. To ku jawo bencin nan cikin inuwa in ba ku wani labari. In kun ji ƙarshensa sai ku yi musun da ya fi wannan amfani, ni kuma in samu in warware ɗinkin da kuka sa na ɓata.

A wani gari da ake kira Kukar Maƙera an yi wani maƙeri mai suna Nomau. Garma da fartanya da lauje yake ƙerawa, kuma manoman ƙasar sun yarda da hannunsa. Mutum ne mai ƙarancin magana, in ka gaishe shi sau uku ya amsa biyu ka yi sa'a. Bayan ƙira, abu ɗaya aka san shi da shi, wato jin kiɗa. Yana da tsohuwar rikoda mai cin batir shida, da wata adakar kwano shaƙe da kaset sama da ɗari biyu. Ba sayen su yake yi da waƙa a ciki ba. Kaset mara komai yake saye, ya naɗi abin da ya yi masa daɗi daga rediyo ko daga rikodar wani aboki, sannan ya rubuta suna a bayansa da biro. Kullum da hantsi, in ya ajiye guduma ya sha fura, sai ya shiga ɗakinsa ya ja ƙyaure, a riƙa jiyo sauti ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya san abin da yake saurare, ba kuma wanda ya taɓa tambaya, don a gidan ba a tambayar uba abin da yake ji.

Matarsa Tasalla ta rasu shekara shida kafin abin da zan faɗa muku. Nomau ya yi haƙuri irin na mutanen da. Tana raye bai taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba, bayan ta mutu ma bai kira ba, iyakarsa ya ce uwar yaran nan.

Wata Talata da hantsi ya shiga ɗaki kamar kullum, har azahar bai fito ba. Da aka tura ƙyauren sai aka same shi kwance kusa da rikodar, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi sati uku a asibiti. Jiki ya fara dawowa, yana iya zama in an jingina shi, amma da aka dawo da shi gida sai ya rufe bakinsa. Ba ya magana, ba ya cin abinci, sai ruwan da ake ɗiga masa da cokali. Likitan da ya zo duba shi ya kira 'ya'yansa waje ya ce musu:

“Maƙogwaronsa lafiya lau yake, zai iya haɗiya. Ba ya so ne. Ni nawa ya ƙare, ba ni da allurar da ke sa mutum son rayuwa. Ku nemi abin da ransa ke so. Na sha ganin wanda sautin da ya saba da shi ya dawo da shi. Amma ku yi da sauri, tsohon jiki irin wannan ba zai wuce sati biyu a haka ba.”

'Ya'yan Nomau uku ne: Barau babba, Hansatu mai bi masa, sai auta Cindo. Duk sun yarda kiɗa ne maganin. Abin da ba su sani ba shi ne wane kiɗa, kuma kowannensu da yadda yake auna abin da kunnen mutum ke so.

Barau malamin makaranta ne, mai son tsari, ko takalmansa a jere suke kwana. A wurinsa kowane kiɗa yana da suna da gida. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, ganga ta manoma ce, komo na maharba, dundufa kuwa ta maƙera. Sai ya ce ai abin ba wuya, Baba maƙeri ne ɗan maƙeri, a kira masu dundufa. Aka kira su, suka zo har tsakar gida, suka kafa gangunansu suka buga taken maƙera, har wasu tsofaffin abokan ƙira suka fara rausaya a zaure. Nomau ya sa hannunsa mai lafiya ya ja mayafi ya rufe kansa, ya juya fuska bango. Shekara hamsin yana yi wa masu dundufa kyauta a duk wasan maƙera, ashe hakkin sana'a kawai yake saukewa. Kwana ɗaya ya tafi a banza.

Barau ya ji kunya ƙwarai, amma kunyar ba ta kashe masa jiki ba. Ya nemi izini a makaranta, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya buɗe adakar. Kaset na farko da ya sa an rubuta masa “Wa'azi”, sai ga kukuma tana kuka. Na biyu an rubuta “Labarun duniya”, sai ga gurmi. Na uku “Karatu”, sai ga kiɗan ƙwarya na mata da guɗa. Ashe tun da aka fara ce wa Nomau dattijo, ana matsa masa wuri a sahun gaba, ya riƙa ɓoye abin da yake ji a ƙarƙashin sunaye masu mutunci. Barau ya ga babu sunan da zai dogara da shi, sai ya zauna ya saurare su ɗaya bayan ɗaya da kunnensa. Kwana uku ya yi a kan tabarmar nan, har ƙafafunsa suka kumbura. Ya sake wa kowane kaset suna na gaskiya, ya kasa su kashi tara: kukuma nan, gurmi can, bege gefe guda, gangar noma gefe guda, haka dai. Kuma saboda ya jera su iri-iri, sai ya lura da wani abu da mai sauraro a hargitse ba zai gani ba. A cikin kowane kashi akwai 'yan wurare da sauti ya dusashe yana jan ƙafa, alamar an yi ta mayar da zaren baya ana sake ji har ya side. Ya tsame waɗannan wuraren kaɗai. Daga kaset ɗari biyu da ɗoriya, ya fitar da waƙa ashirin da shida.

Akwai kaset ɗaya da bai shiga kashi ba. Shi ne wanda aka samu a cikin rikodar ranar da Nomau ya faɗi. Rikodar ta tauna zaren ta tsinke shi. Barau ya zaro shi a hankali, ya liƙe da jan farce, ya naɗe da biro, ya sa. Babu komai sai shuuu, kamar iska a cikin kara, don zaren ya riga ya side gaba ɗaya. A bayansa an rubuta “Kiɗan maƙera”. Barau ya ce ai dundufar ce da Baba ya riga ya ƙi, ya ajiye shi gefe. Kun ji mutum. Ya gano duk sunayen ƙarya ne, amma wannan ɗaya ya gaskata, saboda ya yi daidai da abin da ke kansa tun farko.

Hansatu tana aure a garin, ita ce mai kawo wa uban abinci tun rasuwar uwarsu. Ba ta san sunan kiɗa ba. In ka sa mata gurmi ka ce garaya ce sai ta ce to. Abin da ta sani shi ne fuskar ubanta, ta san lokacin da tuwo ya yi masa da lokacin da bai yi ba, ko da bai ce uffan ba. Ta karɓi waƙoƙin nan ashirin da shida daga hannun yayanta, ta hana kowa shiga ɗakin, ta zauna a bakin gadon. Sai ta sa waƙa ɗaya, ta rage sauti daidai yadda ake jiyowa ta bayan ƙyaure a da, ta zuba wa hannunsa na hagu ido. In waƙar ta ƙare ta kashe, ta bari ɗakin ya yi shiru ya huta, sannan ta sa ta gaba. Ita ma kwana uku ta yi, tana kallon ubanta yana ramewa a gabanta, ƙashin wuyansa yana fitowa. Ta yi kuka, amma a bayan rumbu take yi, ta wanke fuska ta dawo.

Waƙa goma sha tara suka wuce, hannun yana kwance kamar ba nasa ba. A guda bakwai kuwa, ɗan yatsansa manuni ya riƙa taɓa katifa, sau biyu da nauyi, sau ɗaya a hankali. Kuma duk lokacin da yatsan ya motsa, sai Nomau ya buɗe ido ya dubi ƙofa kamar mai jiran wani ya shigo. In waƙar ta ƙare ba wanda ya shigo, sai ya lumshe. Hansatu ta sake gwada bakwai ɗin nan a hargitse don kada ta yaudari kanta, yatsan bai saɓa ba ko sau ɗaya. A cikin wannan ɗan buɗe idon ta samu ta ɗura masa kunu cokali uku, wata rana huɗu. Wannan ba zai riƙe rai ba, amma ya ƙara musu kwanaki.

Da ta kai wa Barau bakwai ɗin, sai ya riƙe haɓa. Biyu kukuma ne, ɗaya gurmi, ɗaya bege, ɗaya gangar noma, ɗaya kiɗan ƙwarya, ta bakwai kuwa waƙar fim ce ta kwanan nan da tsohon ya naɗa daga rediyo. Ka ji, Sabi'u, har da taku.

“Waɗannan ba su haɗa komai ba,” in ji Barau. “Ba gidansu ɗaya ba, ba zamaninsu ɗaya ba.”

“Ni ban san gidansu ba, Yaya,” in ji Hansatu. “Na dai san ba su Baba yake so ba. Wata suke tuna masa, ita yake jira.”

Wace ce watan, ita ma ba ta sani ba. Nan nata sanin ya tsaya. An ci kwana bakwai.

Cindo, autan, a kasuwa yake zama ƙarƙashin lema da kwamfutarsa, yana tura wa mutane waƙa a waya. Bai damu da sunan kiɗa ba kamar Barau, ba shi kuma da haƙurin zama kallon fuska kamar Hansatu. Kaset ɗin ubansa ma bai taɓa saurara ba, cewa yake yi suna ƙara kamar tsohon injin niƙa. Amma zaman kasuwa ya koya masa abu guda. Ya lura in mutum biyu suka haɗu a kan waƙa biyar, to ta shidan da ɗaya yake so, ɗayan ma zai so ta ko bai taɓa jin ta ba. Da wannan yake cin abinci. In baƙo ya zo bai san abin da zai zaɓa ba, sai Cindo ya tambaye shi uku da yake so, ya tuno wani mai irin kunnensa, ya zuba masa na wancan, baƙo ya tafi yana sa albarka. Sai ya ce wa yayyensa su ba shi bakwai ɗin nan. In akwai mai irin kunnen Baba a ƙasar nan, to ta takwas tana wurinsa.

Ya hau babur ya bi kasuwanni, yana zama wurin abokan sana'arsa masu tura waƙa yana sa musu bakwai ɗin, yana tambaya wa ke neman waɗannan. Da farko cikin maƙera da tsofaffin maza ya riƙa nema, don shi ma ya ɗauka mai kama da Baba a jiki shi ne mai kama da shi a kunne. A cikinsu ba wanda ya haɗu da Nomau a kan fiye da biyu. Wani direban babbar mota ya haɗu da shi a uku. Wani tela ya haɗu da shi a huɗu, kuma ba ni ba ne, kada ku kalle ni. Kwana biyu ya ƙone a haka, kasuwa uku, rana ta gasa shi ya yi baƙi. Ran Alhamis ya isa kasuwar Marken Dawa, wani ƙauye mai nisa da bai taɓa takawa ba. Mai tura waƙar can ya saurara, ya yi dariya, ya ce ai waɗannan kayan Iya Gaje ne mai daddawa, ita ce ke zuwa da 'yar wayarta a ƙulle a bakin zane. Aka duba abin da aka taɓa tura mata. Shida cikin bakwai suna ciki.

Cindo ya same ta a layin masu kayan miya, tsohuwa ce ƙanƙanuwa mai kaifin ido. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya sa mata waƙoƙin, ya ce:

“Iya, don Allah me ya haɗa waɗannan? Yayana malami ne, ya ce ba su haɗa komai ba.”

“Malamin bai taɓa daka ba ne,” in ji ta. “Duk a kan lugude suke tafiya. Saurara mana. Biyu da nauyi, ɗaya a hankali. Taɓarya ce wannan, ɗan nan, ko da me suka buga ta.”

Ku yaran yanzu da injin niƙa ya raina ku, bari in faɗa muku lugude. Mata uku ne a kan turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi, a jefa ta sama a tafa hannu a cafe, ana waƙa ana amshi.

Iya Gaje ta tambaye shi kunnen wane ne wannan. Ya ce na babansa ne, Nomau maƙeri na Kukar Maƙera, ga kuma halin da yake ciki, uwarsu kuwa ta rasu. Tsohuwar ta ajiye daddawar da ke hannunta.

“Mijin Tasalla,” ta ce. “Kai ɗan Tasalla ne. Ashe ta riga ni. Allah ya jiƙanta.” Ta goge ido da bakin gyale. “Tare muka tashi a ƙauye ɗaya, ita ke bayarwa ni ke amshi. Aure ya raba mu, shekara hamsin ban sa ta a ido ba. Waƙar da ubanka ke jira ba a sayar da ita a kasuwa, ba ta cikin na'urarka. Tana bakina. Gobe da sassafe ka zo ka ɗauke ni.”

Ran Juma'a da hantsi, kwana na goma sha ɗaya, Iya Gaje ta shiga gidan Nomau. Ba ta ko leƙa ɗakinsa ba. Ta ce a fito da turmi a kafa shi daidai tagarsa, a kawo taɓare uku da gero. Turmin Tasalla ne, yana bayan rumbu a kife tun rasuwarta, sai da aka kakkaɓe masa yanar gizo. Gaje ta riƙe taɓarya ɗaya, Hansatu ɗaya, matar Barau ɗaya. Da farko sun yi ta karo da juna, tsohuwar tana faɗa. Can sai hannu ya daidaita, biyu da nauyi, ɗaya a hankali. Sannan ta ɗaga murya, muryar ta tsufa amma ba ta karkace ba:

*Mai garma, wuce da garmarka,*
*mu daka muke, ba ciniki ba.*
*Tun hantsi kake a bayan danga,*
*ko dangar ce za ta yi noma?*

Wannan baitin ba na kowa ba ne. Tasalla ce ta ƙaga shi tana budurwa, ranar da wani saurayin maƙeri ya kawo garemani talla ƙauyensu, ya ji lugude, ya tsaya a bayan danga har kasuwa ta watse bai sayar da ko ɗaya ba.

Barau da Cindo suna tsaye a bakin ƙofar ɗakin. Suka ga yatsan yana bugawa. Suka ga ido ya buɗe, ya dubi ƙofa, ya koma ya dubi taga. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Gaje ta maimaita baitin, ta sake maimaitawa. A karo na uku sai leɓen Nomau ya motsa, murya ta fito da nauyi, harshe yana sarƙewa, amma kowa ya ji:

“Gaje, kin yi sauri. Ba haka take jan ƙarshen ba.”

Maganarsa ta farko ke nan tun da aka dawo da shi gida, kuma gyara ce. Daga waje tsohuwar ta amsa ba tare da ta tsayar da taɓarya ba: “Har yanzu kana bayan dangar ke nan, mai garma.” Ta ja ƙarshen a hankali yadda ya ce. Da aka gama dakan, Nomau ya ce a dama masa fura da wannan geron. Ya sha ludayi biyar ranar. Washegari ya sha rabin ƙwarya. Bayan wata guda yana fitowa zaure da sanda, yana zama yana kallon masu ƙira yana gyara musu da ido.

Sai da ya yi ƙarfi ya tara su ukun, ya ce a kawo masa kaset ɗin nan mai “Kiɗan maƙera”. Ya juya shi a hannu, kansa a sunkuye, don abin da zai faɗa ba irin wanda uba ke faɗa wa 'ya'ya ba ne. Ya ce shekarar da ya sayi rikoda, wata safiya uwarsu tana lugude da maƙwabta, sai ya ɓoye rikodar a ƙarƙashin kwando ya naɗi muryarta. Har ta koma ga Allah ba ta sani ba. Ya rubuta masa wannan sunan ne don ya san ba yaron da zai taɓa shi. Shekara talatin yana jin sa kullum da hantsi, yana ji yana dusashewa, ya kasa kai wa kowa ya kwafe masa don kunya. Sauran kaset ɗin duk neman mai kama da shi ne. Ranar Talatar nan rikoda ta tauna zaren, ya sunkuya zai ciro, bai sake sanin inda yake ba.

“Da na farka a asibiti na tuna ya tsinke,” ya ce, “sai na ga na binne ta karo na biyu. Shi ya sa abinci ya fita raina.”

Sannan ya ce gado Allah ya riga ya raba, ba ruwansa da shi. Amma wannan kaset kyauta ce, yana so ya miƙa shi da hannunsa tun yana da rai, ga wanda ya fi ƙoƙari wajen dawo da shi. Ku tuna fa, ba komai a cikinsa sai shuuu. Ko mai gwangwan ba zai karɓa ba. Amma zaren da muryar uwarsu ta kwanta a kai ne, kuma guda ɗaya ne, ba ya rabuwa uku. Kowannensu ya so shi har cikin ransa, ko da yake kunya ta hana kowa miƙa hannu.

Na ga bakinka yana motsi, Mansir, za ka ce a ba Iya Gaje. An yi mata tayi, ta ce ita waƙar tana bakinta, me za ta yi da roba. Abu ɗaya ta roƙa, Cindo ya tura mata ta bakwai ɗin nan da babu a wayarta. Ya tura, ta saurara, ta ce ai wannan ta fi sauran daɗi. Saboda haka ku cire ta a lissafi.

Masu goyon bayan Barau suka ce, ba don ya zauna ya tace kaset ɗari biyu ya mai da su waƙa ashirin da shida ba, da Hansatu tana nan tana gwaji har a yi sadakar bakwai. Shi ne ya gano sunayen ƙarya ne, shi ne ya lura da inda zare ya side. Masu suka suka ce, ai shi ne ya ɓata kwana ɗaya da dundufa, kuma amsar tana hannunsa ya ajiye ta gefe don ya gaskata rubutu.

Masu goyon bayan Hansatu suka ce, ashirin da shidan Barau tarin waƙa ne kawai, ita ce ta karanta yatsan da ba wanda ya kalla, ita ce ta gane akwai wata da ake jira, kuma cokulan kununta ne suka riƙe ran har Cindo ya dawo. Masu suka suka ce, ta ji biyu da nauyi ɗaya a hankali kwana uku, ita da ta tashi a gindin turmin nan, amma ba ta gane dakan uwarta ba.

Masu goyon bayan Cindo suka ce, da bakwai ɗin nan sun tsaya a gida da Nomau ya mutu yana kallon ƙofa, don waƙar ba ta cikin adaka, ba ta cikin garin ma. Shi ne ya san cewa mai irin kunnenka yana iya zama wata tsohuwa mai daddawa da ba ka haɗa komai da ita ba a ido, ya kuma je ya nemo ta. Masu suka suka ce, bai taɓa zama minti ɗaya ya ji abin da ubansa ke ji ba, raina shi ma yake yi, kuma da hannu wofi zai fita ba don aikin yayyensa ba.

Dattawan maƙera sun zauna a kan maganar sau biyu suka tashi ba matsaya. Limamin unguwa ya ce wannan ba shari'a ba ce, hukuncin zuciya ne. Nomau kuwa ya mayar da kaset ɗin ƙarƙashin matashinsa, ya ce zai jira, amma kada a daɗe, don shi ma ba daɗewa zai yi ba.

To ga ku nan, masana kiɗa, ku da tun la'asar kowa ya san abin da ya kamata ɗan'uwansa ya ji. Tsohon yana zaune da kaset a hannu, 'ya'yansa uku suna durƙushe a gabansa. Wanda ya tace, da wadda ta kalla, da wanda ya nemo mai irin kunnen, wane ne a cikinsu ya fi cancanta a miƙa masa?